AMSOSHIN WASIƘUNKU: Yawon Ƙafa A Karkarar Birnin Winchester

  A wannan mako wasiƙu uku muka zaro daga jaka, kuma ko da yake daga wurare dabam-dabam suka fito, duka sun taru a kan magana guda. Saboda haka za mu karanto su a jere, sa'an nan mu amsa su gaba ɗaya.

Ta farko ta fito ne daga wani ɗalibi da ke karatu a birnin Southampton, a kudancin Ingila. Ya ce watansa biyar ke nan a can, daga ɗaki sai aji, daga aji sai ɗaki. Jiki ya yi nauyi, barci ya ƙi zuwa, ga kewar gida. Likita ya ce masa ya riƙa fita yana taka ƙafa. Ya ji abokan karatunsa suna zuwa yawo a karkarar Winchester, amma shi tsoro yake ji kada ya faɗa gonar wani a kira masa 'yan sanda, har takardar zamansa ta sami matsala.

Ta biyu daga wata baiwar Allah ce mai aikin jinya a Landan. Mahaifinta ya kawo mata ziyara daga Katsina, dattijo ne mai fama da gwiwa, kuma zaman bene ya ishe shi. Tana tambaya ko akwai wuri kusa da za ta kai shi ya ga gonaki da ruwa ba tare da ya wahala ba.

Ta uku kuwa daga Damagaram take. Mai wasiƙar ya ce yana ganin hotunan Turawa da sanda da jaka a baya suna ratsa daji, ba fatauci ba, ba farauta ba. Shin me suke nema?

ME TURAWA KE NEMA A DAJI?

To, bari mu fara da kai malam na Damagaram, domin amsarka ita ce za ta buɗe wa sauran hanya.

Ingila ce ƙasar da masana'antu suka fara kafuwa a duniya. Mutane suka baro ƙauyuka suka cika birane irin su Manchester da Sheffield, suna aiki cikin hayaƙi kwana shida a mako. Ranar hutu sai mutum ya nemi inda zai shaƙi iska mai kyau. Amma filaye da tuddai masu yawa suna hannun manyan masu ƙasa, waɗanda suka killace su domin harbin tsuntsaye, suka sa masu gadi suna korar talakawa.

Ran 24 ga watan Afrilu na 1932 sai ma'aikata ɗaruruwa suka haɗu suka hau wani tudu da ake kira Kinder Scout da gangan, alhali sun san an hana. Aka yi 'yar hatsaniya da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar a kurkuku. Ɗaurin nan ya harzuƙa jama'a, magana ta yi ta girma, har a 1949 majalisar dokoki ta kafa dokar da ta umurci kowace gunduma ta zana dukan hanyoyin ƙafa na jama'a a taswira ta hukuma. A shekarar 2000 aka ƙara wata doka da ta buɗe wasu tuddai da filayen da ba a nomawa. Yau a Ingila da Wales akwai irin waɗannan hanyoyi da tsawonsu ya kai wajen mil 140,000.

Ka ga ke nan, malam, abin da kake gani a hoto haƙƙi ne da kakanninsu suka yi gwagwarmaya a kai. Lafiyar jiki suke nema da hutun zuciya, kuma abu ne da ba ya cin kuɗi. Hukumar lafiya ta ƙasar tana ba baligi shawarar ya sami motsa jiki na minti 150 a mako, kuma tafiya da ɗan sauri tana cikin lissafi.

SHIGA GONA LAIFI NE?

Yanzu sai mu zo gare ka, ɗalibinmu na Southampton. Kwantar da hankalinka. Ka san burtali a gida, wanda yake ratsa tsakanin gonaki, kuma manomi ba shi da ikon toshe shi? To, kusan haka abin yake, sai dai wannan burtalin na mutane ne. Gonar ta mai ita ce, amma hanyar da ta ratsa ta doka ta ba kowa ikon bi, ɗan ƙasa da baƙo, ba sai da izini ba, ba kuma biyan ko kwabo. In manomi ya yi huɗa ya shafe hanyar da ta bi ta tsakiyar gonarsa, doka ta ba shi kwana 14 ya mai da ita yadda za a gane ta.

Yaya za ka gane ta? A bakin titi za ka ga allo mai nuni da rubutun Public Footpath. In ka shiga, sai ka riƙa duba jikin ƙofofi da turaku, za ka ga 'yan kibiyoyi. Kibiya rawaya, hanyar masu ƙafa ce kaɗai. Shuɗiya, ta masu ƙafa ce da mahaya dawaki da masu keke. Ja kuwa, har mota tana iya bi, sai ka yi hattara. Taswirar da suka fi amfani da ita ita ce ta hukumar Ordnance Survey, ana sayar da ita a takarda, akwai ta kuma a wayar hannu. A irin wadda ake kira Explorer, ɗige-ɗigen kore su ne hanyoyin jama'a.

To, in ka kauce bisa kuskure fa? A dokar Ingila, shiga filin wani ba tare da ɓarna ba galibi magana ce tsakaninka da mai fili, ba ta kai ga laifin da ake kama mutum. Iyakarta ya ce ka fita. Ka ba shi haƙuri, ka tambaye shi ina hanya take, ka kama gabanka. Matambayi ba ya ɓata. Inda abin yake zama laifi sosai shi ne hawa kan layin dogo, ko shiga filin soja, ko lalata shuka da shinge. Waɗannan ka nisance su.

WANE GARI NE WINCHESTER?

Winchester, wanda mutanensa ke furtawa kamar Wincista, yana cikin gundumar Hampshire, wajen mil 60 kudu maso yamma da Landan. Daga tashar Waterloo jirgin ƙasa yana kai mutum cikin kamar sa'a ɗaya. Daga Southampton kuwa tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba.

Gari ne mai tsohon tarihi. Rumawa sun zauna a cikinsa, suna kiransa Venta Belgarum. Daga baya ya zama babban birnin daular Wessex, inda Sarki Alfred ya yi mulki daga 871 zuwa 899, kuma mutum-mutuminsa riƙe da takobi yana tsaye a ƙarshen babban titin garin tun 1901. An fara gina babbar majami'ar garin a 1079, tsawonta ya kai mita 169. Da yake a kan ƙasa mai ruwa aka kafa ta, a farkon ƙarni na 20 sai ta fara tsagewa tana nutsewa. Wani gwanin nutso mai suna William Walker ne ya yi ta shiga ƙarƙashinta cikin ruwa da duhu daga 1906 zuwa 1911, yana jera buhunan kankare fiye da 25,000 da hannunsa, har ginin ya tsaya.

Abin da ya sa muka ga garin ya dace da masu wasiƙun nan shi ne ƙanƙantarsa. Daga tsakiyar kasuwa, tafiyar minti goma sha biyar ta isa ta fitar da kai cikin fadama da shanu. Ga hanyoyi nan guda shida, mun jera su daga mafi sauƙi.

TA FARKO: BAKIN KOGI DA FADAMA

Hajiya mai aikin jinya, wannan ita ce ta Baba. Ku sauko daga tashar jirgi ku gangara babban titi har wurin mutum-mutumin Alfred. Gaba kaɗan akwai gada, da wani tsohon gidan niƙa mai aiki da ƙarfin ruwa, wanda aka sake ginawa a 1744. Daga nan wata hanya shimfiɗaɗɗiya ta bi gefen Kogin Itchen, akwai bencina da Baba zai riƙa hutawa. A gefenta za ku ga ɗan guntun ganuwar Rumawa da ya rage, sa'an nan kangon fadar Wolvesey, inda manyan limaman Kirista na garin suka zauna a da.

Ruwan kogin nan garau yake, har kana ganin kifaye da tsakuwar ƙasa. Dalili shi ne tuddan yankin na alli ne. Ruwan sama yana nutsewa cikin allin, ya tace, sa'an nan ya ɓuɓɓugo da sanyinsa, rani da damina kusan ɗaya. Irin waɗannan koguna kaɗan ne a duniya, kuma mafi yawansu a Ingila suke.

In gwiwa ta yarda, sai ku zarce. Ku bi ta gefen makarantar Winchester College, wadda aka kafa a 1382, inda Rishi Sunak, Firayim Ministan Birtaniya daga 2022 zuwa 2024, ya yi karatu. A titin makarantar, wato College Street, akwai gidan da marubuciyar nan Jane Austen ta rasu a 1817. Daga nan sai hanya ta faɗa cikin fadama. Za ku lura da 'yan magudanan ruwa da suka tsaga ta. Manoman da ne suka haƙa su, suna sakin ruwan kogi ya malale ciyawa a lokacin sanyi don kada ƙanƙara ta kashe ta, tumaki su sami ɗanyar ciyawa da wuri. Baba da ya san aikin fadama zai gane dabarar da kallo ɗaya. A wannan hanya ce mawaƙin Ingilishi John Keats ya riƙa yawo a watan Satumba na 1819, har ya tsara shahararriyar waƙarsa ta kaka.

Bayan kamar mil ɗaya za ku iso St Cross. Sunansa asibiti, amma gidan tsofaffi ne, wanda wani bishop mai suna Henry na Blois ya kafa a shekarun 1130 domin ya riƙe matalauta 13, ya kuma ciyar da mutum 100 kullum a bakin ƙofa. Har yau tsofaffi suna zaune a ciki, wasu da baƙar alkyabba, wasu da ja. Kuma har yau matafiyin da ya je wurin mai tsaron ƙofa ya nemi rabon matafiyi, za a ba shi ɗan gutsuren burodi da ɗan ƙaramin kofi na giyarsu. Wanda ba ya sha sai ya karɓi burodin ya yi godiya. Burodin bai kai loma biyu ba, amma ai zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi. Shiga cikin gidan da lambunsa akwai biya. In Baba ya gaji, motocin bas suna bin titin St Cross Road su koma gari. Zuwa da dawowa a ƙafa mil biyu ne, ba hawa ba gangara.

TA BIYU: TUDUN ST GILES

Wannan gajeruwa ce, amma akwai hawa. In ka ƙetare gadar da muka ambata ka nufi gabas, cikin minti goma zuwa sha biyar kana kan tudun. Daga can garin duka yana ƙarƙashinka, ga majami'a, ga babban titi miƙe sak. A zamanin da, kan tudun nan ake cin wata babbar kasuwa ta shekara-shekara a watan Satumba, wadda ta kai tana ɗaukar kwana 16, fatake suna zuwa daga ƙetaren teku da hajarsu. Muna ba da shawarar baƙo ya fara da nan, don ya gane gabas da yamma kafin ya yi nisa.

TA UKU: TUDUN ST CATHERINE

Ɗalibi, wannan taka ce. Tudu ne kewayayye kudu da gari, tsayinsa mita 97 daga doron teku, da kurmin bishiyoyi a ƙoƙuwarsa kamar an ɗora masa hula. Daga fadamar da muka bayyana, in ka iso titin Garnier Road sai ka juya gabas, ka ƙetare ruwa, za ka ga ƙofar shiga. Hawan yana sa haki, amma bai fi na minti ashirin ba ga mai lafiya. Ta ɓangaren kudu akwai matakalar katako.

A sama za ka ga rami da tudun ƙasa sun kewaye wurin. Ragowar ganuwa ce ta mutanen da suka zauna nan fiye da shekara 2,000 da suka wuce, tun kafin zuwan Rumawa. Akwai kuma wani zane mai murɗe-murɗe da aka yanka a cikin ciyawa, wanda ake kira Mizmaze, yara da manya suna bin layinsa don nishaɗi. Kwarin da ke kudu da tudun kuwa, a nan aka binne mutanen da annoba ta kashe a 1666. A watannin Yuli da Agusta ciyawar wurin tana cika da furanni da malam-buɗe-littafi iri-iri, musamman wani mai launin shuɗi-shuɗi da ake samu a tuddan alli.

In ka tsaya ta gabas za ka ji rugugin motoci. Babbar hanyar M3 ce. A 1992 aka fara yanka tudun da ke maƙwabtaka, wato Twyford Down, domin a wuce da ita. Jama'a suka yi ta zanga-zanga, wasu suka kafa tantuna a wurin, aka kama da dama, har aka ɗaure wasu. Duk da haka aka gina hanyar, tsagin farin allin yana nan kowa na gani. Sai dai an tone tsohon titin da a da ya raba tudun St Catherine da kogi, aka mai da shi ciyawa, shi ya sa yau kake isa gindin tudun ba tare da ka tsallake titin manyan motoci ba. Daga tsakiyar gari zuwa sama da dawowa, ka ƙiyasta mil uku zuwa huɗu, wato sa'a biyu a natse.

TA HUƊU: BIN RUWA ZUWA SHAWFORD

A gindin tudun akwai wata hanyar ruwa da mutane suka haƙa, ana kiranta Itchen Navigation. An buɗe ta a 1710 domin kwale-kwalen dakon gawayin kwal da sauran kaya daga Southampton. Da jirgin ƙasa ya zo sai kasuwarta ta mutu, kwale-kwale na ƙarshe ya bi ta a 1869. Turbar da dawaki ke bi suna jan kwale-kwalen ita ce ta zama hanyar masu yawo. In ka bi ta kudu, za ka ga doguwar gadar jirgin ƙasa ta Hockley mai baka 33, wadda aka daina amfani da ita a shekarun 1960, aka gyara ta a 2013 domin masu ƙafa da keke. Wajen mil uku daga gari za ka iso ƙauyen Shawford. Daɗin wannan hanya shi ne akwai tashar jirgi a ƙauyen, tsayawa ɗaya ce zuwa Winchester, kuma layin ne yake zarcewa wajen Southampton. Amma ba kowane jirgi ke tsayawa a nan ba, saboda haka ka duba jadawali tun kafin ka fito.

TA BIYAR: CHILCOMB DA CHEESEFOOT HEAD

Daga Winchester wata doguwar hanya ta tashi mai suna South Downs Way, ta bi kan tuddai mil 100 har garin Eastbourne a bakin teku. Masu ƙarfi suna gama ta cikin mako guda ko fiye. Ba mu ce ka yi wannan ba. Ka ɗanɗana farkonta kawai. Alamarta hoton wani ɗan ƙwallon itace ne mai hula, a jikin turaku. Za ta ƙetarar da kai M3 ta kan gadar ƙafa, ta ratsa gona, ta kai ka ɗan ƙauyen Chilcomb. Daga nan sai hawa zuwa Cheesefoot Head, wajen mil uku daga gari, inda ƙasa ta lotsa kamar ƙatuwar ƙwarya. Ana ba da labarin cewa a nan Janar Eisenhower ya yi wa sojojin Amurka jawabi a 1944, kafin su ƙetara zuwa Faransa. Akwai filin koyon harbi na soja kusa da Chilcomb, saboda haka ka karanta allunan gargaɗi, kada ka bar turba. Wannan tafiyar rabin yini ce, sai ƙafa ta ɗan saba.

TA SHIDA: KABARIN DOKI

Yamma da gari, kamar mil huɗu, akwai dajin shaƙatawa na Farley Mount, wanda ya fi sauƙin zuwa da mota ko keke. A kan tudunsa akwai wani farin gini mai tsini, kuma doki aka gina wa. A 1733 mai dokin, Paulet St John, yana farautar dila, sai dokin ya auka da shi cikin ramin haƙar alli mai zurfin ƙafa 25. Daga doki har mahayi ba wanda ya mutu. Shekara ta zagayo dokin ya shiga sukuwa ya ci, da sabon suna mai ma'anar a yi hattara da ramin alli. Masu son dawaki a cikinku sun san abin da ya sa mai shi bai manta da shi ba. Hanyoyin dajin suna da faɗi, sun dace da iyali da yara.

ABUBUWAN KIYAYEWA

Sai mu zo ga gargaɗi, domin rigakafi ya fi magani.

Na ɗaya, rana. A watan Disamba ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, a watan Yuni kuwa tana kaiwa bayan tara na dare. A lokacin sanyi ka fita da hantsi, ka shirya dawowa tun ƙarfe uku. Mai salla ya lura cewa azahar da la'asar da magariba suna matsowa kusa da juna a watannin nan, sai ya tafi da 'yar dardumarsa.

Na biyu, sutura. Ruwan Ingila ba ya sallama. Ka tafi da rigar ruwa ko da gari ya waye garau. Ka sa riguna biyu ko uku marasa nauyi, waɗanda za ka iya cirewa in ka yi gumi. Alli in ya jiƙe santsi gare shi kamar sabulu, fadama kuma tana yin taɓo daga Nuwamba zuwa Maris. Takalmi sau-ciki mai ƙarfin ƙasa ake bukata, silifa da takalmin ofis su zauna a gida.

Na uku, dabbobi. Shanunsu ba su da makiyayi a tare da su, a sake suke cikin shinge. Kada ka shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. Ka kewaye su a hankali, ban da gudu, ban da ihu. Kowace ƙofa ka bar ta yadda ka same ta, in a rufe take ka rufe, in a buɗe ka bar ta a buɗe, domin mai gona ya san dalilinsa. Za ka haɗu da karnuka da yawa tare da masu su. In kana ƙyamar su taɓa ka, ka tsaya cik ka roƙi mai karen ya kira abinsa, ba za a ga laifinka ba.

Na huɗu, kaska. Akwai ta a cikin doguwar ciyawa, daga bazara zuwa kaka, kuma wata tana ɗauke da cutar da ake kira Lyme. Ka cusa ƙafar wando cikin safa, in ka dawo ka duba jikinka. In ka ga wani zagayayyen tabo yana faɗaɗa a inda ta cije ka, ko zazzaɓi ya biyo baya, ka ga likita. A baƙar fata tabon ba ya fitowa ja sosai, sai an duba da kyau. Akwai kuma wani ganye mai gashi-gashi a bakin hanya, in ya taɓa fata yana zafi kamar harbin ƙwaro, amma yana wucewa. Maciji mai dafi iri ɗaya ne tak a ƙasar, ɗan ƙarami dangin kububuwa, shi ma gudun mutane yake yi. In wani hatsari ya auku, lambar neman agaji ita ce 999.

Na biyar, hannu. Kifin da kake gani a Itchen yana da masu shi, kama shi sai da lasin da izinin mai wurin. Tsuntsayen ruwa doka ta kare su. Ban da tuge shuka, ban da kunna wuta, kuma sharar da ka yi ka zuba ta a jakarka ka koma da ita. A 2001, da cutar baki da kofato ta ɓarke a dabbobin ƙasar, an rufe hanyoyin karkara na watanni, aka hallaka dabbobi fiye da miliyan 6. Shi ya sa in ka ga sanarwar hukuma cewa an rufe hanya, ka girmama ta.

Ƙari a kan wannan, ga masu baƙar fata da ke zaune a can: ranar Ingila ba ta da ƙarfin da za ta ba jiki isasshen sinadarin bitamin D, musamman daga Oktoba zuwa Maris. Hukumar lafiyarsu tana ba da shawarar shan ƙwayarsa, maikurogiram 10 a rana, kuma ga masu duhun fata ta ce su duba yiwuwar sha duk shekara. Yawo ba ya maye gurbin wannan, sai a tambayi likita ko mai kantin magani.

Daga ƙarshe, gaisuwa. Baturen da ba zai dube ka a cikin jirgi ba, in kun haɗu a turbar gona shi zai fara ce maka barka da asuba. Ka amsa masa. Wanda kuma ba ya son fita shi kaɗai, akwai ƙungiyar masu yawon ƙafa ta Ramblers, wadda aka kafa a 1935, tana da rassa a ko'ina cikin ƙasar, suna fita rukuni-rukuni tare da jagora, kuma suna karɓar baƙo ya gwada. Jami'o'i da yawa ma suna da irin wannan ƙungiya ta ɗalibai. A fara da mil biyu, mako mai zuwa a ƙara ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

To, jama'a, a nan za mu dasa aya, lokaci ya yi halinsa. Akwai wasiƙu da dama da suka iso ba mu kai gare su ba, muna roƙon masu su su ƙara haƙuri, suna nan a layi. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, ku rubuta su a taƙaice, tambaya ɗaya a takarda ɗaya, da rubutu mai karantuwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.